Ƙanƙarar Kilimanjaro tana nan, to me ya sa aka ce mana za ta ƙare?

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun jiya. Wani abokin kasuwancina da ke zuwa Tanzaniya ya turo min hoton dutsen Kilimanjaro da ya ɗauka ta tagar jirgi, ga ƙanƙara nan fari fat a kansa. Ni kuma na tuna tun muna makaranta ake gaya mana masana sun ce kafin shekarar 2020 babu sauran ƙanƙara a kan dutsen nan. To 2020 ta zo ta wuce. Haka aka taɓa cewa ta duwatsun Himalaya za ta ƙare nan da 2035, daga baya aka dawo aka ce kuskure ne. Mu a kasuwa, idan mutum ya yi maka alkawarin kaya sau biyu bai kawo ba, ba ka ƙara ɗora masa kuɗi. Me zai sa mu ci gaba da gaskata maganar ɗumamar yanayi, alhali da ita ake ce mana mu bar manmu da gas ɗinmu a ƙarƙashin ƙasa? Da gaske nake tambaya, ina so masu sani su warware min.

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Ni ma zan zauna in saurara. Amma abin da ya fi damuna shi ne, mu da ke Kano, ina ruwanmu da ƙanƙarar da ke kan dutse a wata ƙasa? Zafin bazarar nan shi ne a gabanmu.

Malamar Jogarafi:
Alhaji, abubuwa biyun da ka kawo duk sun faru, babu wanda zai musa maka. Wani masanin Amurka, Lonnie Thompson, wanda ya hau dutsen da mutanensa suka haƙo ƙanƙarar, shi ne ya yi hasashen cewa za ta iya ƙarewa tsakanin 2015 da 2020. Lokacin da ya ɗiba bai yi daidai ba. Amma ka duba abin da aka auna, ka ajiye abin da aka yi hasashe. A shekarar 1912 ƙanƙarar da ke kan Kilimanjaro ta rufe kusan murabba'in kilomita 12. Zuwa 2007 ba ta kai 2 ba. Kusan kashi 85 cikin 100 sun tafi ke nan cikin ƙasa da shekara ɗari.

Sannan farin da abokinka ya gani, akwai yiwuwar dusar ƙanƙara ce sabuwar zuba. Abu biyu ne daban, kuma rashin rarrabe su ne ke kawo rabin gardamar da ake yi. Dusar ƙanƙara takan zubo da daddare ta rufe dutse, bayan kwana kaɗan ko makonni ta ɓace. Ita kuwa wadda masana ke magana a kai, dusar ce da ta yi shekaru aru-aru tana taruwa, ta sama tana danne ta ƙasa har ta zama daskararren abu mai kauri kamar bene, wani wurin ma yana gangarowa a hankali tsakanin duwatsu, shi ya sa ake ce masa kogin ƙanƙara. Wannan ba ya dawowa don an yi zubar dare ɗaya.

Ɗan Kwari:
Na ji, Malama, Allah ya ƙara sani. Amma na karanta cewa su kansu masanan sun yi saɓani, wasu sun ce ba zafi ne ke cinye ta Kilimanjaro ba.

Malamar Jogarafi:
Haka ne, kuma ina jin daɗi da ka kawo wannan. Georg Kaser na jami'ar Innsbruck a Ostiriya da abokan aikinsa sun nuna cewa ƙolin dutsen, wanda tsayinsa mita 5,895 ne, iskar wurin kusan kullum tana ƙasa da ma'aunin daskarewa. To ta yaya ƙanƙara ke raguwa inda sanyi bai bari ta narke ba? Suka ce tun wajen 1880 yankin gabashin Afirka ya ƙara bushewa, dusar da ke zuba ta ragu, ga rana mai ƙarfi, ga busasshiyar iska. Sai ƙanƙarar ta riƙa tashi tururi kai tsaye ba tare da ta zama ruwa ba. Ku tuna da hunturunmu. Ana sanyi har haƙora na karo, amma ki shanya wanki da safe kafin azahar ya bushe ƙayau, leɓe ya tsage, kaushi ya fito. Ba zafi ne ya yi wannan aikin ba, bushewar iska ce. Saboda haka ni a ajina ba na kafa hujja da Kilimanjaro shi kaɗai. An yi gaggawar ɗaga shi a matsayin tuta don sunansa sananne ne kuma hotonsa na da kyau.

Mai Ƙanƙara na Fagge:
Malama, wallahi kin taɓo sana'ata. Shekarata 14 ina sayar da ƙanƙara. Abin da kika faɗa na taɓa gani da idona ban san sunansa ba. Akwai ƙaramar firiza da nake ajiye ƙanƙarar gida a ciki, lokacin da muka samu wuta tsayayya na manta da wani faranti a can ƙasa kusan wata biyu. Da na ciro, ƙanƙarar ta motse ta koma ƙanana, kuma babu ɗigon ruwa ko ɗaya a ƙarƙashinta. Na ɗauka yara ne suka ɗiba.

Bari in ƙara muku abu biyu da duk mai wannan sana'a ya sani. Na ɗaya, babban bulo yana jure rana, amma da zarar ya ragu ya kai kamar rabi, sai ya fara gudu, na ƙarshen nan kafin ka juya ya zama ruwa. Shi ya sa da azumi ba ma fasa bulo sai an kusa shan ruwa. Na biyu, bulon da ya faɗi ƙasa ya kwashi ƙura ko baƙin gawayi, ya fi mai tsabta saurin narkewa nesa ba kusa ba. Mukan lulluɓe da buhu da garin katako ne don rana kada ta gan shi kwata-kwata, amma ɗan datti a fuskarsa a bainar rana, wannan asara ce.

Bakano a Jamus:
Yaya Mai Ƙanƙara, abin da ka faɗa shi ne ainihin abin da ake koyarwa a jami'a, illa dai su da lissafi suke faɗa. Fari yana mayar da hasken rana, baƙi yana shanye shi. A watan Maris na 2022 iska ta kwaso ƙurar Sahara ta zuba a duwatsun Alps, dusar ƙanƙara ta koma ruwan ƙasa-ƙasa kamar motar da aka bari a waje da hunturu. Ga shi lokacin sanyinsu bai zubar da dusa mai yawa ba, sai bazara mai tsananin zafi ta biyo baya. A wannan shekarar kaɗai Suwizalan ta rasa kashi 6 cikin 100 na ƙanƙarar duwatsunta, a 2023 ta ƙara rasa kashi 4. Kashi 10 a shekara biyu.

Ni gani ya kori ji. Mun je da abokan karatu wurin kogin ƙanƙarar da kogin Rhone ke fitowa daga gare shi. Akwai tsofaffin hotuna na wajen 1850 da ke nuna ƙanƙarar ta sauko har ƙasan kwari, dab da inda ƙauyen Gletsch yake. Yau idan ka tsaya a ƙauyen ka ɗaga kai, dutse tsirara kake gani, sumul kamar an goge shi, sai ka hau mota ka yi ta kwana-kwana zuwa sama kafin ka tarar da ita. Can bakinta tafki ya taru. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wani ɓangare da suka lulluɓe da manyan fararen mayafai don ya rage narkewa, mayafan sun yi datti sun yayyage, ruwa na ɗiga ta ƙarƙashi, kana jin ƙararsa ko'ina. Na tuna da buhunan masu ƙanƙara na bakin titi a gida, sai dai wannan bulon ba a sake yin irinsa da janareto.

Baba Mai Ritaya:
'Ya'yana, ku bar ni in sa baki. Ni na ga farin 1973 da idona, ina saurayi a lokacin. Na ga shanu a kwance a bakin hanya, na ga mutanen arewa da mu sun shigo Kano da ƙoƙo a hannu. Na sake ganin na 1984. A lokacin aka ce mana hamada ce ta taso ba za ta koma ba, Tafkin Chadi da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya tsuke ya zama ɗan kaɗan. Sai ga shi ruwa ya dawo, yanzu ambaliya muke kuka da ita, kun ga abin da ya samu Maiduguri a watan Satumba na 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. Kuma an gano kwalekwale a Dufuna ta jihar Yobe a 1987, aka ce ya kai shekara 8,000, a wurin da yau ba za ka ce an taɓa tuƙa jirgi irinsa ba. To duniyar nan tun asali juyawa take yi. Wa ya ƙona fetur a zamanin mai kwalekwalen nan?

Malamar Jogarafi:
Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Babu wanda ya ƙona fetur a lokacin, gaskiyarka. Sahara ta taɓa zama kore shar, da tafkuna da dorinar ruwa, ta bushe kimanin shekara 5,000 da suka wuce. Masana sun san dalilin wancan: yadda duniya ke karkata da yadda take zagaya rana yana sauyawa a hankali, cikin dubban shekaru, shi ke ƙara wa daminar Afirka ƙarfi ko ya rage. Ko ƙanƙarar Turai, ta yi girma a wani zamanin sanyi da ya ƙare wajen 1850, don haka farkon janyewarta ba duka laifin ɗan Adam ba ne.

Inda maganar ta bambanta shi ne sauri da kuma faɗi. Farin 1973 namu ne na yankin Sahel, a lokacin wasu ƙasashen suna cikin ruwa. Wannan kuwa a ko'ina ake ganinsa lokaci guda. Dutsen Kenya da duwatsun Ruwenzori na iyakar Yuganda da Kwango, tasu ta kusa ƙarewa. A Bolibiya akwai Chacaltaya, inda ake wasan zamiya a kan ƙanƙara, ta ɓace a 2009. A Aisland har allon tunawa suka kafa wa wata mai suna Ok a 2019. Benezuwela ta wayi gari a 2024 ragowar tata ta yi ƙanƙantar da ba a ƙirga ta a kogin ƙanƙara. Wani babban bincike da aka fitar a 2025, wanda ya haɗa awon ƙasa da na tauraron ɗan Adam, ya nuna daga 2000 zuwa 2023 duwatsun duniya suna rasa kimanin tan biliyan 273 na ƙanƙara a kowace shekara. Kuma an duba rana ba ta ƙara ƙarfin da zai yi wannan ba. Abin da ya ƙaru shi ne iskar kabon da ke riƙe zafi, wadda ƙona fetur da gas da kwal ke fitarwa: kafin zamanin masana'antu tana wajen 280 cikin miliyan, yanzu ta haura 420, kuma tun 1958 ake auna ta a dutsen Mauna Loa na Hawai.

Ɗan Kwari:
A ko'ina kika ce, Malama? Na ga an ce akwai wani wuri a Pakistan da ƙanƙarar ke ƙaruwa. Kuma dusar ƙanƙara ta zuba a Ain Sefra cikin hamadar Aljeriya, ta zuba a Tabuka ta Saudiyya. Duniyar da ke ɗumama ce ke zubar da ƙanƙara a kan rairayi?

Bakano a Jamus:
Bari in taya Malama. Duwatsun Karakoram ke nan, kuma gaskiya ne, an yi shekaru wasu kogunan ƙanƙararsu na tsaye, wasu ma na ƙara gaba. Ba a ɓoye ba, masanan ne ma suka gano suka rubuta. Wurin yana da tsayi ƙwarai, kuma dusarsa da sanyin hunturu take zuwa daga yamma, ba ta dogara da damina ba kamar gabashin Himalaya. Amma Alhaji kai ɗan kasuwa ne. Idan a layinku shago 100 ne, 95 suna cin uwar kuɗi, 5 suna samun riba, za ka ce kasuwa na tafiya daidai? Kogin ƙanƙara kamar jari ne. Dusar da ta zuba da sanyi ita ce shiga, abin da ya narke da zafi shi ne fita. Abin da ake aunawa ke nan kowace shekara, ana kafa sanduna a jikin ƙanƙarar ana dawowa a duba.

Ain Sefra kuwa gari ne mai tudu, ya kai mita 1,000, a gindin duwatsun Atlas, kuma an yi dusa a can tun 1979. Tabuka ma akwai duwatsu masu tsayi da suka saba samunta. Zubar kwana ɗaya ba ta gaya maka inda shekara 40 suka dosa. Iska mai ɗumi ma ta fi ɗaukar danshi, kusan kashi 7 cikin 100 a kowane digiri ɗaya, don haka inda sanyi ya isa, dusa na iya zuba da yawa fiye da da. Abin da tauraron ɗan Adam ke nunawa tun ƙarshen shekarun 1960 shi ne a arewacin duniya dusar tana saurin tashi, zuwa Mayu da Yuni filin da take rufewa ya ragu sosai, ko da yake da kaka ba a ga irin wannan raguwar ba.

Ustazun Unguwa:
Salamu alaikum. Ina ta karantawa. Wani ya turo min saƙo a gefe yana cewa duk wannan shiga hurumin Allah ne. Ina so in amsa a nan don kowa ya gani. Babu ganyen da ke faɗuwa sai da saninsa, wannan aƙidarmu ce. Amma shi ne kuma ya gaya mana a Suratur Rum, aya ta 41, cewa ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Wanda ya toshe magudanar ruwa da shara, ruwa ya shiga gidan maƙwabcinsa, ba ma ce masa ƙaddara ce mu tashi. Auna ƙanƙara da neman sanin sababi ba saɓo ba ne.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri Malam. To har yanzu ba a amsa min tawa ba. Ruwan Tiga da na Challawa ba daga ƙanƙara suke zuwa ba, ko?

Malamar Jogarafi:
A'a Maman Ilham, ruwan sama ne, haka ma kogin Kwara da ya taso daga tsaunukan Gini. Dutse mafi tsayi a Najeriya, Chappal Waddi a Taraba, mita 2,419 ne, babu ƙanƙara a kansa. Ba zan ce miki famfonki zai ƙafe don Kilimanjaro ba. Amma ƙanƙarar nan kamar ma'aunin zafi ce da ake sa wa yaro a hammata. Ba ita ce cutar ba, ita ce ke nuna zazzaɓin, kuma ba ta da jam'iyya, ba ta karɓar kuɗin kowa. Zazzaɓin da ke cin ta shi ne ke sa daren Afrilu ya gagari barci a ɗaki.

Sannan ruwan da ya narke teku yake tafiya. Teku ya tashi kimanin santimita 20 daga 1900, Legas kuma a bakinsa take, ta nan kayan Kwari da na Singa da yawa ke shigowa. Kogunan Indus da Ganges da Brahmaputra daga duwatsun Himalaya da kewayensu suke fitowa, mutum kusan biliyan 2 ke rayuwa da kogunan yankin, kuma Indiya ce ta fi kowa fitar da shinkafa a duniya. Idan noma ya tangaɗa a can, farashi ba ya tsayawa a can.

Maman Ilham:
Zafin kam na shaida. Ina cikin alhazan 2024. A Mina na ga mutane kwance a gefen hanya an lulluɓe su da haraminsu, wata tsohuwa a tantinmu sai da muka yi ta jiƙa mayafi muna ɗora mata a ka har dare. Daga baya aka ce ma'auni ya kusa 52 a Makka, mutum sama da 1,300 suka rasu. Har yau idan na tuna sai jikina ya mutu. Allah ya jiƙansu.

Baba Mai Ritaya:
Amin ya Allah. Malama na karɓi maganar sauri da faɗi, ban taɓa kallonta ta wannan fuskar ba. Amma ina roƙonku ku masu ilimi, ku daina sa wa abu rana. Da ba a ce 2035 ba, da yaron nan bai shigo da shakka ba.

Malamar Jogarafi:
Wannan gaskiya ne Baba. Maganar 2035 ta shiga rahoton kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2007 ne ta hanyar da ba ta dace ba, asalinta hira ce da aka yi da wani masani a wata mujalla a 1999, ba bincike ba. Masana ƙanƙara ne da kansu suka bankaɗo ta, kwamitin ya amsa kuskurensa a Janairun 2010. Sakin layi ɗaya ne cikin dubban shafuka, amma ɓarnar da ya yi wa amana har yau ana biya, ga shi mun kwana muna biya a zauren nan.

Ɗan Kwari:
To Malama, da ƙanina na Jamus, na gode. Maganar ƙanƙara na yarda tana raguwa, lissafin shago 100 ya shige ni. Inda ban sauka ba shi ne ɗaya ɓangaren. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin nan, waɗanda suka ƙona kwal shekara 200 suka gina ƙasashensu su ne ke gindaya mana sharaɗi. Mu a layinmu kowane shago da janaretonsa, ba don muna so ba. Masana'antun Sharaɗa da Bompai nawa ne suka rufe saboda rashin wuta? A ba mu wuta tukuna.

Bakano a Jamus:
A nan ba mu da saɓani, Yaya. Wannan muhawara ce ta adalci da wa zai biya, kuma muna da hujja mai ƙarfi a cikinta. Sai dai hujjar tamu tana tsayawa ne idan mun yarda ɓarnar ta faru. Wanda ya ce ba a yi masa ɓarna ba, ba shi da bakin neman diyya. A buɗe mata zare nata daban, zan zo.

Malamar Jogarafi:
Mai Ƙanƙara, kana nan? Ina so in gwada wa 'yan ajina abin da ka faɗa ranar Litinin. Bulo biyu masu girma ɗaya, ɗaya a bar shi fari, ɗaya a barbaɗa masa garin gawayi, mu ajiye a rana su riƙa aunawa duk minti goma. Nawa za ka ba ni?

Mai Ƙanƙara na Fagge:
Haba Malama, na yara ne, ba kuɗi. Zan sa a kawo uku da sassafe a cikin kula. Na ukun ki fasa shi gida huɗu ki ajiye kusa da sauran, su ga wanda zai riga ƙarewa. Ki turo min kwatancen makarantar ta gefe, kuma ki tanadi robobi uku masu faɗi don ruwan kada ya ɓata muku aji.